Kujerar Gwaggo Tasalla

Sallama gare ku, ku da kuke cika mini akwatin saƙo ba dare ba rana. Jiya wata baiwar Allah ta rubuto tana cewa, “Anti Zubaida, ke da komai wasa ne a wurinki, anya an taɓa ɓata miki rai kuwa?” Sai da na nesanta wayar daga fuskata kamar za ta cije ni kafin na ga rubutun, don idon yanzu sai da lallashi. Na yi dariya har gwiwata ta amsa. To ƙanwata, gyara zama. Yau zan gaya miki inda na koyo wasan, da kuma abin da ya ci mini.

Lokacin Shari'a ba ta daɗe da kankama a Zamfara ba, sabis ɗin waya kuma ya shigo mana Ƙaura Namoda sabo fil. Ina da shekara talatin da 'yan kai, ina koyarwa a firamaren 'yan mata, ban taɓa aure ba. Innarmu ce ta yi doguwar jinya, ni ce babba, na zauna da ita har Allah ya karɓi abarsa. Da na ɗago kai na duba, sa'o'ina duk suna goyo na uku.

Ban san na fara tsufa ba sai ranar da na shiga motar mata, tunda an hana mu hawa kabu-kabu, direba ya waiwayo ya ce, “Inna, matsa ciki.” Wallahi sai da na juya ina neman Innar in matsa mata. A gidan biki kuwa, da can in an gan ni sai a ce, “Allah ya kawo naki.” Daga baya aka koma cewa, “Allah ya sa da rabo.” A bikin ƙarshe da na je kafin wannan labari, wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Allah dai ya ba da lahiya.”

A gida ma ban tsira ba. Ƙanwata Nabila tana karatu a Poly, saurayinta Nuruddeen ya matsu, Baba kuma ya rantse ƙarama ba za ta tsallake babba ba. Don haka duk safiya in Nabila ta gaishe ni, sai ta bi ni da wani irin kallo, irin wanda ake yi wa motar da ta mutu a tsakiyar gada.

Babanmu, Malam Na'Allah, mutum ne da in ya kafa doka ko shi kansa ba ya tsallake ta. Tun ranar da aka ƙaddamar da Shari'a ya tara mu ya ce an gama zancen dare a gidansa, an gama tsayuwa a bakin ƙofa. Duk mai son 'yar gidan ya zo bayan la'asar, ya zauna a zaure ƙofa buɗe, kuma sai da mutum na uku a zaune har ya tashi. Wannan aiki na mutum na uku ya faɗa kan Gwaggo Tasalla.

Gwaggo ƙanwar Baba ce. Mijinta Ɗanasabe ya rasu a Gurbin Ɓore, ba ta haihu ba, da ta fita takaba ta dawo gidanmu tana yin hoce, wato wainar dawa, na sayarwa. Ta ba arba'in da biyar baya, gajera, mai jiki, da wushirya. Ban taɓa ganin wadda ta mai da tsufa abokin wasa irinta ba. Gwiwoyinta ma suna ta sa musu, Hassana da Husaina, wai in ɗaya ta fara kuka sai ɗayar ta taya ta. Da haƙorinta na turmi na hagu ya fita, ta ce ya yi ritaya ne ba fansho. In ta shiga ɗaki ta manta abin da ya kai ta, sai ta yi wa ɗakin sallama, ta tambaye shi gajiya, ta fito. Bayan rasuwar Inna ita ce ta fara sa ni dariya, kuma tun daga nan gado ɗaya muke kwana, asirina duk yana cikinta. Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi.

Sai ga Alhaji Mahmuda.

Ɗan kasuwar hatsi ne daga Zurmi, ya haura hamsin, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun girma. Wani abokin Baba ne ya yi masa kwatancena. Duk Alhamis yana cin kasuwar Shinkafi, in zai koma gida sai ya ratse ta Ƙaura. Dogo ne, baƙi, gemunsa fari tas, yana magana a hankali kamar mai auna gero. In ya cire takalmi a bakin zaure sai ya jera su daidai, ya juya bakinsu waje. Ban san me ya sa ba, wannan jera takalmin ne ya fara shiga raina. Kafin wata ya zagayo na kamu, kamuwa irin ta wadda ta daɗe tana jira. Ina cikin koya wa yara lissafi sai in tsinci kaina ina murmushi ga allo.

Ranar Alhamis ta zama ranar aiki a ɗakinmu. Ina dawowa daga makaranta Gwaggo za ta zaunar da ni tsakanin Hassana da Husaina, ta tsefe gaban kaina, ta shiga farauta. Furfura ce ta fara leƙo mini ta gefen goshi, ƙwaya-ƙwaya, masu taurin kai. Gwaggo ta kama da yatsa biyu ta fizge.

“Wayyo Gwaggo! Wa zai gan ta cikin hijabi?”

“Yi shiru, ɗiyag ga. Hurhura ko ba a gan ta ba tana sa mace zaman tsohi. Ga wata nan, wagga har da ƙawa ta taho.”

Daga nan sai a ciro atamfa, a goge da dutsen guga na gawayi, a turara hijabin ruwan toka a kan kasko, a sa kwalli siriri. Sannan a zo kan darasi.

“In kinka shiga, ki sadda kai. Magana ƙasa-ƙasa. In ya hwaɗi abin dariya ki ruhe baki da hijabi, kar in ga haƙori. Wanga surutu naki na malaman makaranta ki bar shi nan ɗaki. Namiji in ya ji mace ta cika baki, sai ya hwara lissahin shekarunta.”

Ni da a gida ba a raba ni da tsokana, ni da nake kwaikwayon tafiyar hedimasta har Nabila ta faɗi ƙasa, sai na zama kurma a zaure. Na yarda da Gwaggo. Ita ta taɓa aure, ni ban taɓa ba.

Ga yadda zaman yake. Alhaji a kan darduma ta gabas, ni a kan tabarma ta yamma, Gwaggo a bakin ƙofar shiga gida, kan wata 'yar kujera ta katako mai ƙafa ɗaya gajera, tana tsince wake a faifai don kar a ce tana saurare.

“Malama Zubaida, ya makaranta?”

“Lafiya lau.”

“Ya yara?”

“Lafiya lau.”

Shiru. Kaza ta wuce. Alhaji ya gyara hula. Ni kuwa a cikina magana ce cike fal, kamar tukunyar da aka danne wa murfi.

Wata Alhamis ya zo mana da rake daga Shinkafi, sanda biyu manya. Ya ajiye a gabana, na yi godiya a ciki-ciki. Sai Gwaggo ta ɗago daga faifanta ta dubi raken, ta dubi Alhaji.

“Alhaji, wanga tsaraba ce ko jarrabawa? Gidan ga masu haƙoran rake biyu ne, kuma ban cikinsu.”

Alhaji ya yi wata dariya da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba, har da dafa ƙasa. “Hajiya, ni ma rabona da rake tun mulkin soja. Sayensa nake in riƙa kallo.”

“To mu ukku ke nan da turmina na hagu. Shi ya riga mu gane gaskiya, ya aje aiki.”

Dariya ta taso mini har wuya. Ina da abin da zan ƙara, wallahi yana kan harshena: in ce a kawo turmin daka mu gama da shi a raba da cokali. Na dubi Gwaggo, ta ɗan zaro mini ido. Na ja hijabi na rufe baki.

Tun daga ranar zaure ya canza. Alhaji zai gaishe ni, in ce lafiya lau, sai ya karkata wajen ƙofa ya tambayi Hassana da Husaina. Ita ta tambaye shi bayansa, don ta lura da yadda yake dafa bango in zai miƙe. Su shiga gasar wanda jikinsa ya fi cin amanarsa. Shi ya ba da labarin ranar da ya yi ta neman tabarau a rumfa har ya zargi masu dako, alhali yana kan hancinsa. Ita ta ce ai shi da sauƙi, ita ta taɓa sa gishiri a koko sau biyu ta kuma ɗora wa Nabila laifin. Ni ina gefe ina jin daɗi, wai mijin da zan aura yana girmama dangina. Ku yi mini dariya, na yafe muku.

Waya ma ta taya ni haƙa ramin. Ina da 'yar ƙarama mai tocila, kuma duk gidanmu wuri ɗaya ne sabis yake kamawa, gefen rumbu, shi ma sai ka hau kan turmi ka ɗaga hannu sama. Nan nake tsayawa kamar mai kiran ruwa, in jira saƙonsa.

“Slm Malama. Na iso Zurmi lfy. A gaida Baba. Ya gwiwar Gwaggo?”

In sauko da gudu in karanta mata, tunda ba ta yi boko ba.

“Ce mishi Hassana ta yi barci, Husaina na gadi.”

In rubuta, in sake hawa turmi in tura. Kafin in sauko amsa ta shigo: “Hhhh. Ki ce mata bayana yana gaishe su.”

Na koma baya daga baya na duba saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya. Sunana yana layin farko, wurin sallama. Sauran duk nata ne.

Ana saura kwanaki a fara azumi ya turo wani: “Malama, don Allah ki tambayar mini lambar takalmin Gwaggo.” Kun san in an fara haɗa lefe akan sa wa iyaye nasu turmin atamfa da takalmi. Na ce shi ke nan, magana ta taso. Gwaggo ba ta san lambarta ba, don silifa take saya da gwaji. Ni da kaina na durƙusa, na ɗora ƙafarta a kan kwali, na zagaye da biro, na kai wa mai takalma a kasuwa ya faɗa mini lambar. Ina zana ƙafar tana ta janyewa.

“Ke bari, Zubaida. Mi za a yi da ƙahwata?”

“Ki tsaya mana, Gwaggo. Surukinki ne ke son ya fitar da ke kunya.”

Ba ta mayar mini da wasa ba. Ranar ce ta farko da na jefa mata magana ta faɗi ƙasa ba ta cafe ba, amma farin ciki bai bar ni na lura ba.

Azumi ya zo, aka ɗaga zance. Aka yi Salla. Alhamis ɗin farko bayan Salla Gwaggo ta zaunar da ni kamar kullum, ta tsefe gaban kaina, ta cire mini furfura, ta turara hijabi. Alhaji ya zo, amma bai daɗe ba, kuma shi da Gwaggo babu wanda ya dubi wani. Na ɗauka gajiyar azumi ce.

Ranar Litinin na dawo daga makaranta da rana tsaka, na tarar da takalman maza a bakin zaure, wata farar mota a gindin dalbejiya, an rubuta Zurmi a jikin lambarta. Na bi ta ƙofar baya. A tsakar gida na ga ƙwaryar goro da ledar alewa a kan tabarma. Nabila tana tsaye a bakin madafa, tana ganina ta juya baya.

“Nabila! Su ne?”

“Su ne, Yaya.”

“To shi ne ba za ki yi mini guɗa ba, 'yar baƙin ciki? Hanya ta buɗe miki fa.”

Ta rushe da kuka ta shige madafa. Nan na fara shan jinin jikina.

Bayan baƙin sun tafi Baba ya aika a kira ni. Yana zaune a kan buzunsa, carbi a hannu, bai ɗago ba. Ban taɓa ganin Baba yana neman inda zai ajiye idonsa ba sai ranar.

“Zubaidatu, zamna. Mutanen Alhaji Mahmuda sun taho neman aure.” Ya ja carbi. “Tasalla sunka taho nema.”

Na ji maganar sarai, amma sai na tsaya ina jiran sauran, kamar akwai wata Tasallar a unguwa.

“Wace Tasalla, Baba?”

“Gwaggonki.”

“Tun yaushe?”

“Tun kahin azumi ya same ni da maganar. Na yi mishi hwaɗa, Allah shina gani. Na ce bai kyauta ba. Amma bai yi miki alkawari ba, ba a sa rana ba, ita kuma bazawara ce, ban da ikon hana ta halal. Na so in hwaɗa miki, na rasa ta inda zan hwara.”

Tun kafin azumi. Wato ranar da na durƙusa ina zana ƙafarta a kan kwali, ta sani. Ranar da ta tsefe kaina bayan Salla, ta sani. Nabila ta sani, Baba ya sani. Sama da wata guda ina yawo cikin gida ina waƙe-waƙe, kowa yana kauce mini da ido, ni kaɗai ce baƙuwa a labarina.

Kuma kun san hukuncin. Namiji ba ya haɗa mace da gwaggonta a ƙarƙashinsa. Da wata can ya gani a Zurmi, da zuciya ta samu abin da za ta riƙa yaudarar kanta da shi. Wannan kuwa ƙofa ce aka rufe aka sa sakata.

Na tashi ban yi wa Baba sallama ba. Na sami Gwaggo a ɗakinmu, zaune a bakin gadon da muke kwana, hannuwa a cinya. A gefenta ga takalmi sabo cikin kwali, baƙi mai ɗan tudu, daidai lambar da na kawo.

Ta ɗago ta yi ƙoƙarin murmushi. “Kin ga abin da tsuhwa ya jawo mini, ana neman...”

“Kada ki yi mini wasa, Gwaggo. Yau ɗaya dai kada ki yi.”

Ta haɗiye sauran.

“Ke kika ce in rufe baki. Ke kika ce in sadda kai. Na zauna kamar buhun gero ina kallo, ke kina ba shi dariya. Dama shirinki ke nan?”

“Wallahi tallahi ba shiri ba ne. Yadda anka koya mini haka na koya miki. Haka na yi gaban Ɗanasabe, kuma ya aure ni.”

“To da kika ga ya juya fa? Me ya hana ki tashi daga kujerar? Me ya hana ki ce mini, Zubaida buɗe bakinki, mutumin nan dariya yake nema?”

Ta dubi takalmin da ke gefenta. Da ta yi magana muryarta ta dushe.

“Na so in hwaɗa. Ko wace Alhamis sai in ce yau zan hwaɗa. Sai in ji motarshi ta tsaya.” Ta share ido da bakin zane. “Zubaida, tun da Ɗanasabe ya rasu, ba wanda ya taɓa tambayata ya gwiwata don shina son ya ji amsa. Kowa jira yake in ba shi dariya ya wuce. Shi ko in na gama wasan sai ya ce, to yanzu hwaɗa mini gaskiya, tana ciwo?”

“Yaushe ya ce miki haka? Ina wurin ai.”

“Kina wurin. Kanki na ƙasa.”

Wannan ta shige ni fiye da duk sauran.

“Sau biyu Malam ya tambaye ni, ina cewa a'a,” in ji ta.

“Na ukun fa?”

“Na ukku ban ce komi ba.”

“Furfurar fa, Gwaggo? Alhamis ɗin nan da ta wuce. Kin san ba ni zai aura ba, kika zaunar da ni kina tsige mini kai. Don wa?”

Mace mai amsar kowace magana a Ƙaura, ranar ba ta da ko ɗaya. Na naɗe katifata na koma ɗakin Nabila.

Washegari da hantsi ban je makaranta ba. Na hau turmi, ba don ina jiran komai ba, ƙafata ce kawai ta saba. Sai ga saƙo, mafi tsawo da ya taɓa turo mini, har ya rabu gida biyu.

“Slm Malama Zubaida. Na san na yi miki laifi, ki yafe mini don Allah. Ba ki da aibu ko ɗaya. Ke yarinya ce mai kunya da natsuwa, ni kuwa na tsufa. Kunya nake ji in ce bayana na ciwo a gabanki. Na ga zan cuce ki in na ɗauke ki ki zo kina jinyar tsoho. Allah ya ba ki saurayi daidai ke.”

Na karanta a tsaye a kan turmi, hannu a sama. Sai dariya ta kufce mini, irin mai zuwa da hawaye, har Nabila ta fito da gudu ta riƙe ni kar in faɗo. Direba ya ce mini Inna. Tsofaffin biki sun yanke mini ƙauna. Duk faɗin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi mutum ɗaya ne ya taɓa kallona ya ce yarinya, shi ma don ya bar ni ne.

Kwana biyu ban yi wa Gwaggo magana ba. Tana ajiye mini hoce mai zafi a bakin ƙofa, ina tsallakewa. Gidan ya yi tsit, ba mai yi wa ɗaki sallama, ba labarin Hassana da Husaina. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kewarta kamar in mutu, kuma hakan ya ƙara mini haushinta.

Alhamis ta zo. Bayan la'asar na ji tsayuwar mota a gindin dalbejiya. Ina zaune a ɗakin Nabila na ji an cire takalmi a bakin zaure, na san ana jera su, ana juya bakinsu waje. Sai muryar Baba daga tsakar gida.

“Nabila! Ɗauko kujera ki zamna musu.”

“Baba, Gwaggo ce fa,” in ji Nabila. “Ita ma sai an tsare ta?”

“Doka ba ta san tsuhwa ba. Ba a ɗaura ba tukuna. Ɗauko kujera.”

Na leƙa ta labule. Gwaggo ta fito daga ɗaki cikin atamfa shuɗiya da ban san tana da ita ba, da sabon takalmin, tana takawa a hankali kamar mai tsoron ƙasa. Hijabin ruwan toka ne a jikinta, nawa, don shi kaɗai ne mai kyau a gidan. Ta wuce zaure kanta a ƙasa. Nabila ta ɗauko 'yar kujerar mai gajeriyar ƙafa, tana tafe tana waiwayen ɗakin da nake.

Na tashi na tsaya gaban madubi. Yau babu wanda ya yi farauta a kaina, ga su nan sun fito a gefen goshi, farare, a miƙe, ko kunya babu. Na zura tsohon hijabina na zuwa makaranta, na ɗan ja shi baya kaɗan yadda za su sha iska. Ban sa kwalli ba.

A bakin ƙofar zaure na tari Nabila na riƙe ƙafar kujerar.

“Yaya, don Allah...”

“Sake. Wannan aikin manya ne.”

Baba yana tsaye da buta a hannu, ya buɗe baki zai yi magana. Na ce, “Baba, cewa ka yi mutum na uku. Ba ka ce wane ba.” Ya dubi butarsa, ya wuce.

Na shiga da sallama. Alhaji yana kan darduma ta gabas, yana ganina ya yunƙura zai miƙe, bayansa ya ƙi, ya koma ya zauna. Gwaggo tana kan tabarmata ta yamma, ta ƙanƙame bakin hijabina da hannu biyu. Na dasa kujerar a inda ta saba zama, na zauna, ta karkata, na gyara. Na jawo faifan wake na ɗora a cinya.

Babu mai motsi. Kaza ta wuce.

“Gwaggo,” na ce, “sadda kai. Magana ƙasa-ƙasa. In ya faɗi abin dariya kar in ga haƙori, ko da yake ba su da yawa.”

Wani sauti ya kufce wa Alhaji ta hanci kafin ya kama shi. Ya ɗago ya dube ni, duba na sosai, irin wanda bai taɓa yi mini ba duk zuwan da ya yi. Idonsa ya tsaya a gefen goshina.

Na tsinci ƙwayar wake ɗaya na jefar.

“Alhaji, barka da hanya. Ya bayan? Faɗa mini gaskiya, yana ciwo? Ka saki jiki, yau babu yarinya a zauren nan.”